Wa Ya Faɗa Maka? Tambayar da Ya Kamata Ta Shiga Darasin Tarihi

 

Da aka ce kowa ya kawo abin da zai sa a cikin littafin ƙarshen shekara, sai na zaɓi in yi magana a kan darasin tarihi. Shekara huɗu ke nan ina zama a ajinsa, tun daga sizyam har zuwa turwaziyam, kuma ina son darasin. Ra'ayina a taƙaice shi ne, ana ba mu labarin abin da ya faru, amma ba a koya mana yadda ake gane cewa ya faru ɗin ba. Kuma ina ganin mu ɗaliban madarasa mun fi kowa sauƙin koyon wannan, don maganin yana nan cikin jakarmu.

Bari in fara da abin da ya same ni. A babban hutun bara wani ɗan kawuna ya zo mana daga Kano. Na ɗauke shi yawo cikin Damagaram, muka shiga Birni, muka tsaya ƙofar fada, sannan muka bi ta gindin tsohon barikin soja da Faransawa suka sa wa sunan Kazamaju. Ya ce mini, "Wane ne shi?" Ni kuwa da saurina na karanto masa kamar ina gaban mushe: kyaftin ne na Faransa, an kashe shi a Damagaram ranar 5 ga Mayu 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Sai ya ce, "To me ya yi aka kashe shi?" Wallahi nan na tsaya cik. Na san rana, na san wata, na san shekara, na ma ci maki mai kyau a kansu, amma ban san dalili ba. Baƙo ya yi mini tambaya ɗaya a kan garinmu, na rasa ta cewa.

Da dare na tambayi Kaka. Ya gyara zama ya ce ai Nasaran hanyar gabas ya nufa, wajen Rabe, kuma fada ta ji tsoron su haɗa kai a zo a ci Damagaram. Ya yi ta ba mu labari har barci ya kwashe ƙannena. Washegari ina ba wani abokina labarin, malaminmu na Hadisi yana wucewa ya ji. Ya tsaya ya ce, "Wa ya faɗa maka?" Na ce Kaka. Ya ce, "Shi kuma wa ya faɗa masa?" Na koma gida na tambaya. Kaka ya ce daga bakin nasa kakan ya ji, wanda yake yaro a lokacin. Shi kuma yaron ba ya cikin fada, a gari ya ji manya suna faɗa.

Kun ga ke nan labarin yana da isnadi. Ni daga Kaka, Kaka daga kakansa, kakansa daga mutanen gari. Wannan ita ce hanyar da ake koya mana a darasin Musɗalahul Hadisi: a duba wanda ya ruwaito, a duba ko ya sadu da wanda ya ce ya ji daga gare shi, a duba ko mai riƙe magana ne, sannan a duba maganar kanta. Ba ina daidaita labarin Kazamaju da Hadisin Annabi (SAW) ba ne, Allah ya kiyaye. Hanyar bincike nake nufi. Da safe muna aji ana ce mana kada mu karɓi magana sai mun san inda ta fito. Da rana mu shiga ajin tarihi a rubuta rezime a tabulo, mu kwafe a kaye, mu haddace, babu mai tambayar wa ya faɗa. Ɗalibi ɗaya ne, kai ɗaya ne, amma kamar an yi katanga tsakanin darasin biyu.

Ku dubi abin da zai fito in an ba mu wannan labari ɗaya mu bincika da kanmu. Rabe ya ci Barno a 1893, ita kuwa Damagaram ta daɗe tana kai wa Barno gaisuwa, saboda haka tsoron da Kaka ya ambata yana da tushe. Kazamaju da gaske an aiko shi ne ya nemi hulɗa da Rabe. An kashe shi tare da tafintansa. Shekara ta zagayo, a watan Yuli 1899 sojan Faransa suka karya rundunar Damagaram a Tirmini, yamma da gari, suka shiga Birni, bayan ƴan makonni aka kashe Kuran Daga. A kan waɗannan, takardun Faransawa da bakin dattawanmu ba su da babban saɓani. Inda suka rabu shi ne sunan da kowa yake ba abin. Faransawan lokacin sun kira shi kisan yaudara, shi ya sa suka ɗora sunan mutumin a kan bariki. Dattawa da yawa a nan suna kiransa tsaron ƙasa. Ɗalibin da ya iya raba abin da ya faru da sunan da aka sa masa, ya koyi abu mai amfani fiye da haddar shekaru ashirin.

Ko a shekarar kanta akwai darasi. In ka juya 5 ga Mayu 1898 zuwa lissafin Hijira, za ka faɗa cikin Zulhajji 1315, ƴan kwanaki bayan Sallar Layya. Kakanninmu da wannan lissafin suke riƙe lokaci, ko kuma su ce shekarar yunwa kaza, shekarar da sarki wane ya hau. Wanda zai tambayi tsoho dole ya iya juya lissafi daga wannan zuwa wancan. Mu da muke rubuta kwanan wata iri biyu a tabulo kullum, wa ya fi mu dacewa da wannan aiki?

Wani zai ce, to ai shi ke nan, a zubar da littattafan Nasara a kama maganar kakanni. Ban yarda ba. A 1899 ɗin nan rundunar Vule da Shanuwan ta biyo ta yamma tana ƙone garuruwa. Ta yi karo da Sarauniya a Lugu cikin Afrilu, ta yi mummunan kisa a Birnin Ƙonni cikin Mayu. Ta yaya labarin ɓarnarsu ya isa Paris? Ta wasiƙar wani hafsa ne da ya fita daga cikin rundunar. Gwamnatinsu ta turo Kanar Kulob ya tsayar da su, su kuma suka harbe shi a Dankori, kusa da Tasawa, cikin watan Yuli. Ashe takardar Bafaranshe ma tana iya zama shaida a kan Bafaranshe. Wanda ya ƙi karanta ta ya cuci kansa.

Haka nan ba duk abin da ya fito daga bakinmu ne cikakke ba. Muna alfahari da Sarki Tanimu, wanda ya gina ganuwar Birni, ya sa aka ƙera igwa a cikin gari, ya faɗaɗa ƙasa, kuma alfaharin yana kan hanya. Amma wani Bature ɗan Ingila, Jems Ricadsan, da ya zauna a Damagaram a farkon 1851, ya rubuta yadda ake fita hari a kamo mutane a sayar da su bayi. Maroƙi ba zai sa wannan a kirari ba, don ba aikinsa ba ne. Shi ma Ricadsan sai a tambaye shi: mutum ne mai yaƙi da cinikin bayi, ƴan makonni kawai ya yi a garin, kuma ta bakin tafinta yake jin abubuwa da yawa. Duk da haka ba za a ce ƙarya ya yi don kawai maganar ba ta yi mana daɗi ba. Waɗanda aka kamo ɗin nan su ma mutanen ƙasar nan ne, wataƙila jikokinsu muna zaune benci ɗaya. Tarihin da ya ƙare a kan sarakuna ya bar su a waje.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ibnu Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya soki marubuta tarihi da suke kwafe adadi ba su auna shi da hankali ba. Ya ɗauki misalin rundunar Bani Isra'ila da aka ce ta kai mutum 600,000, ya auna ta da girman fili da kuma rundunonin manyan dauloli, ya nuna lissafin ba ya shiga. A nan gida kuma, Andire Salifu, haifaffen Damagaram, ya fitar da littafinsa a kan sarautar Damagaram a 1971, ya haɗa takardu da abin da dattawa suka riƙe. A Yamai akwai cibiyar CELHTO mai tattara tarihin baka, akwai kuma ma'ajiyar tsofaffin takardun Larabci da ajami a cibiyar IRSH. Masu karanta irin waɗannan takardu ba su da yawa. Mu kuwa muna karanta Larabci, muna karanta Faransanci, muna jin Hausa, wasunmu har da Barbarci ko Buzanci ko Fulatanci. Ƙofa uku ko huɗu ke buɗe gare mu, amma ta ɗaya kawai ake shiga da mu.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Manhaja doguwa ce, aji cike yake, littattafai ba su isa ba, ga jarrabawar BEPC tana jira, ita kuwa abin da ke cikin manhaja take tambaya. Ban ce a bar hadda ba. Wanda bai san Tanimu ya riga Kuran Daga ba, babu binciken da zai iya. Shekaru kamar turaku ne, da su ake ɗaure labari. Amma turke babu dabba me ya tsare? Abin da nake roƙo kaɗan ne, awa ɗaya a wata. Kuma wanda ya bincika abu da kansa ba ya saurin mantawa. Ni dai ranar Kazamaju ta zauna mini har abada, alhali wasu shekarun da na haddace a sankyam sun bi ruwa tun a makon da aka gama jarrabawa.

Wasu iyaye kuma za su ji tsoron kada yaro ya koyi ja da manya. Nan ma akwai abin dubawa, don in ba a koya mana ladabin tambaya ba, sai ta zama rashin kunya. Amma ni da na koma na ce, "Kaka, don Allah a wurin wa kuka ji?" bai yi fushi ba. Daɗi ya ji, har ya kira mini sunan kakansa da unguwar da suka zauna, abin da ko babana ya ce bai taɓa ji ba. Tsofaffi ba tambaya suke ƙi ba, shiru ɗinmu ne yake damunsu. Kullum muna kan waya, su kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da abin da ke cikin kansu.

Wayar ma ita ce babban dalilina. Kowace rana saƙon murya yana yawo a WhatsApp, wani yana ba da tarihin wata ƙabila ko wani gari, da hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba. Wani lokaci zagi ne aka sa masa rigar tarihi, a ce su wane bayi ne, su wane baƙi ne. Mu ne muke turawa gaba. A Suratul Hujurati an umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, mun kuma haddace ayar. Ajin tarihi ne wurin da ya kamata mu yi ta gwada wannan umarni har ya zama mana jiki.

Ga abin da nake ba da shawara, in hukumar makaranta ta ga ya dace. A sizyam, kowane ɗalibi ya rubuta tarihin gidansu ko unguwarsu, shafi ɗaya, ya sa wanda ya faɗa masa da wanda shi kuma ya ji daga gare shi. A sankyam, a fita da aji sau ɗaya a shekara zuwa Birni da Zango, a ga ragowar ganuwa, a zana taswira da hannu. Ƙafa ce kawai, ba a buƙatar mota. A katriyam, a ba mu labari ɗaya ta baki biyu, mu fitar da inda suka haɗu da inda suka rabu. A turwaziyam, wanda gidansu akwai tsohuwar takarda a gafaka, wasiƙa ko takardar gado ko ta ciniki, ya nemi izini a ɗauki hotonta, malamin Larabci da mushen tarihi su zauna tare su taimaka mana mu karanta. A kan kowane labari mu riƙa yin tambaya huɗu: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, ya gani ne ko ji ya yi, kuma me yake so mai sauraro ya ɗauka? In an adana abin da kowane aji ya tara, kafin shekara biyar makarantarmu za ta mallaki abin da babu shi a kowane littafi.

Ƴan uwana da za su shigo sizyam baɗi, kada ku jira sai an sa wannan a manhaja. Ku sayi ƙaramin kaye, ku zauna kusa da kaka ko wata tsohuwar unguwa bayan sallar isha'i, ku tambaya da ladabi, ku rubuta da suna da kwanan wata. Matambayi ba ya ɓata. Ni na fara nawa, shafi goma sha ɗaya ke nan, kuma ɗan kawuna zai dawo hutu mai zuwa. Wannan karon ina da amsa, kuma na san inda na samo ta.

Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, kuskuren da ke ciki nawa ne, malamaina su gyara mini.  

Daga wani ɗalibin ajin turwaziyam, Damagaram