ƊAN BOKO, INA KA BAR ƘAFAFUNKA?

Akwai wata cuta da ta kama mu, mu 'yan makaranta, wadda ba a rubuta sunanta a katin asibiti, watau ƙyamar gumi. Da zarar yaro ya sami takardar shiga jami'a sai ya ɗauka an 'yanta shi daga wahalar jiki har abada. Wanda jiya yake tafiya gona a ƙasa, ya yi noma har azahar, ya komo ya ɗebo wa gyatumarsa ruwa, yau shi ne ke tsayawa minti ashirin a bakin titi yana jiran ɗan acaba ya kai shi inda ƙafa za ta kai shi cikin minti goma. In ka tambaye shi dalili sai ya ce kada rigarsa ta yi ƙura. To, riga dai ta tsira, amma mai rigar fa? Shi ne wanda za ka tarar da tsakar dare idonsa biyu, gabansa na faɗuwa, zuciyarsa na dukan uku-uku, ya rasa abin da ke damunsa. Maganata a nan ita ce, zaman da muke yi yana ƙara wa fargabarmu ƙarfi, kuma kafin mu ga laifin kowa ya kamata mu fara duban namu.

Kada wani ya zaci ina cewa fargabar ɗalibin wannan yanki ba ta da tushe. Ruwa ba ya tsami banza. A Disamban 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, nan kusa da mu. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, ɗa ya kasa jin muryar uwarsa. A 2022 malaman jami'o'i suka yi yajin aiki na wata takwas, ɗalibai suka zauna gida shekara tana lalacewa a gaban idonsu. A Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo. A Oktoban wannan shekarar kuma aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga masaukinsu a cikin gari. Wanda ya ratso waɗannan shekaru bai taɓa jin faɗuwar gaba ba, to, ko dai dutse ne, ko kuwa ba ya nan. Tambayar da ta rage ita ce, me muke yi da wannan fargaba bayan ta shiga jiki?

Bari mu dubi yadda abin yake aiki, domin wanda bai san ciwo ba ba ya sanin magani. Idan mutum ya tsorata, jikinsa yakan saki waɗansu sinadarai, musamman adirenalin da kotisol, waɗanda ke sa zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya gajarta, jijiyoyi su ɗaure, sukari ya kwararo cikin jini. Duk wannan shiri ne na gudu ko faɗa. Maharbin da ya yi arba da kura a dawa yana bukatarsa, kuma da ya ruga ya tsira sai jikin ya koma daidai. Amma ɗalibin da ke zullumin jarrabawa, ko kuɗin rajista, ko hanyar da zai bi ya je gida hutu, jikinsa yana yin wannan shiri ɗin kullum, alhali kuwa yana zaune a kan benci, babu gudu babu faɗa. An hura wuta, an ɗora tukunya, ba a zuba kome a ciki ba. Motsa jiki shi ne ke ba wannan shiri mafita. Har wa yau yana kyautata barci, kuma yana saba wa mutum da bugun zuciya da haki, ta yadda in sun zo masa ba zato ba zai ɗauka ajali ne ya iso ba.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Tun a 1953 wani likitan Ingila, Jeremy Morris, ya bincika ma'aikatan motocin bas masu bene na birnin Landan, ya tarar kwandastoci, waɗanda ke yini suna hawa da sauka, ba su kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobi, waɗanda ke yini a zaune. A 2023 kuma masana a Jami'ar Kudancin Ostareliya suka tattara sakamakon gwaje-gwaje sama da 1,000 da aka yi a kan mutane fiye da 128,000, suka ga motsa jiki yana rage damuwa da fargaba ragi na a zo a gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a duniya, kuma a 2022 kashi 31 cikin 100 na manya ba su motsa jiki gwargwadon bukata. Abin da hukumar ta nema ga baligi bai taka kara ya karya ba: minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Minti 150 fa, watau minti 30 sau biyar. Wanne ne daga cikinmu ba ya kashe ninkin wannan a rana guda yana shafa fuskar waya?

To, daga ina muka koyi ƙyamar gumi? Ba daga gida ba dai. Sunan Karofi kansa a Hausa wurin rini ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin marini yana tsoma zane yana ɗagawa, ko mabugi yana sauke dundu a kan turkuɗi, ya san sana'ar nan ba ta rago ba ce. Iyayenmu mata da ke daka da surfe da ɗiban ruwa, da iyayenmu maza da ke huɗa da ƙafa bayan shanu, da masunta masu tuƙa kwalekwale a madatsar ruwan Zoɓe, babu wanda ya karanta musu littafin lafiya. Da kaka ta yi kuwa sai a buɗe dandali: samari su yi kokawa da dambe da langa, 'yan mata su yi gaɗa har wata ya faɗi. Makaranta ce ta ɓata mu. A can aka mai da motsa jiki horo: ka makara, tsallen kwaɗo; ka yi surutu, zagaya fili sau goma; ka faɗi lissafi, ga fartanya. Yaron da aka yi wa gwale-gwale shekara shida da sunan tarbiyya, ta yaya zai girma yana son abin da aka azabtar da shi da shi? Sa'an nan aka cusa masa cewa ladan karatu shi ne kujera mai juyawa da mota da tumbi. Muka wayi gari muna auna arzikin mutum da girman cikinsa, har muna yi wa mai teɓa kirari, alhali hawan jini da ciwon sukari na biye da shi kamar inuwa.

Na san hujjojin da za a kawo mini, kuma ga amsarsu ɗaya bayan ɗaya. Wani zai ce ba shi da kuɗin zuwa gidan motsa jiki, ba shi da takalmin gudu. Wannan tunanin shi ne ainihin abin da 'yan kasuwa ke so mu yi, domin su sayar mana da abin da Allah ya ba mu kyauta. Hanya ba ta karɓar kuɗin rajista, igiyar tsalle kuwa ko ta shanya ce ta isa. Wani zai ce karatu ya yi masa yawa. Ɗan'uwa, awa uku da ka yi kana kallon shafi ɗaya hankalinka na wani wuri, ba karatu ba ne, gadin littafi ne, kuma rabin awa na tafiya zai komo maka da hankalin da ya gudu. Wani kuma zai ce ba girman mai ilmi ba ne a gan shi yana gudu kamar wanda aka biyo. Wannan sai mu ce masa girman da ba ya iya hawa bene hawa biyu ba tare da haki ba, girma ne na takarda.

Hujjar da ta fi ba ni takaici ita ce wadda ake ɗaure 'yan'uwanmu mata da ita, wai motsa jiki rashin kamun kai ne ga 'ya mace. Kakanninmu da suka yi shekara hamsin suna riƙe da taɓarya, su marasa kamun kai ne? Ga shi kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Hijabi ba ya hana tafiya da sauri, kuma cikin ɗaki ko farfajiyar masaukin mata babu abin da zai hana tsallen igiya. Namijin da ke tsayawa bakin hanya yana yi wa ɗaliba ihu don ta fito tafiya, shi ne ya kamata ya ji kunya.

Mu dubi kuma abin da muka zaɓa a madadinsa. Ƙwaya don a kwana karatu, wata ƙwayar don a sami barci, shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari a tsakani, waɗanda maganin kafeyin da ke cikinsu ke ƙara bugun zuciyar da ake gudu. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. A Mayun 2018 gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, musamman a Arewa. Da yawa daga cikin waɗanda suka faɗa wannan rami ba da neman maye suka fara ba, da neman kwanciyar hankali suka fara.

Ga abin da nake kira gare shi, kuma kowa na iya somawa gobe. Bayan sallar asuba, gari ya waye sosai, ko kuwa bayan la'asar in rana ta yi sanyi, a yi tafiya ta minti 30 da saurin da mutum zai iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Wanda bai saba ba ya fara da minti 10, ya riƙa ƙarawa, sannu ba ta hana zuwa. A tafi a ƙungiya, cikin harabar makaranta ko cikin gari inda jama'a suke, kada a bi hanyar daji, kada a fita da duhu. Tafiya tare tana ba da tsaro, tana kuma kashe kaɗaici, wanda shi ne abokin fargaba. Kwana biyu a mako a ƙara da aikin ƙarfi a ɗaki: a tsuguna a miƙe sau 10, a kifa ciki a ture ƙasa da hannu gwargwadon iko, a huta, a maimaita sau uku. Wanda ke karatu ya tashi ya miƙe ƙafa bayan kowace awa. In faɗuwar gaba ta zo, a zauna a ja numfashi a hankali ta hanci, a sake shi a hankali fiye da yadda aka ja shi, har minti biyar. A bazara a sha ruwa a guji tsakar rana, da hunturu mai asma ya kiyayi ƙura, da azumi a sassauta a koma bayan shan ruwa. Mai ciwon zuciya, da mai sikila, da mai juna biyu, su tuntuɓi likita tukuna.

Amma fa kada a wuce gona da iri. Wanda fargaba ta hana shi barci da ci da karatu watanni, ko har tunanin halaka kansa ya fara zo masa, wannan ciwo ne mai bukatar likita, kuma zuwa asibiti ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Ya yi addu'a, ya motsa jiki, ya kuma je a duba shi. A Janairun 2023 aka sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba irin wannan majinyaci haƙƙin a kula da shi da mutunci. Mu nemi a aiwatar da ita a asibitocin makarantunmu.

Kada kuma hukuma ta ɗauki wannan magana ta mai da ita mafaka, ta ce ai ɗalibai su yi ta gudu su bar kuka. Tafiyar asuba ba ta korar ɗan bindiga, ba ta rage kuɗin rajista. Wajibi ne ƙungiyar ɗalibai ta tsaya kai da fata a kan bukatu huɗu: a tsare yammacin Laraba domin wasanni kamar yadda aka san al'adar jami'o'in ƙasar nan, kada a cusa lacca a cikinsa, a gyara filaye a sa fitilu da masu gadi, a keɓe wa mata wuri da lokaci nasu, a sa mai ba da shawara wanda ɗalibi zai gana da shi a asirce. Gasar wasannin jami'o'i ta NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966, abu ne mai kyau, amma 'yan ƙalilan take ɗauka. Sauran dubban da ba za su taɓa ciyo lamba ba, su ma suna da jiki.

Ya 'yan'uwana ɗalibai, gwagwarmayar da ke gabanmu doguwa ce, kuma ba a yin ta da jiki sanyi ƙalau da zuciya mai rawa. Mun ce mu ne manyan gobe, to, gobe tana bukatar wanda zai kai ta da ƙafafunsa. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Gobe da safe ka ƙwanƙwasa wa maƙwabcinka ƙofa, ki tashi ƙawarki, ku fito. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.