Sharhi: Wa zai rubuta tarihin Adar, kuma da wane harshe?

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, tarihi ya dawo bakin jama'a a Jamhuriyar Nijar. A watan Oktoban 2024 hukumomin soja suka cire sunan Janar de Gaulle daga wani babban titi na Yamai suka sanya na Djibo Bakary. A watan Maris na 2025 kuma sabuwar dokar da ke jagorantar ƙasar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Sai dai sauya allon titi aikin yini guda ne, rubuta tarihi kuwa aikin shekaru ne, kuma yana buƙatar wurin da masana za su riƙa haɗuwa suna tantance binciken juna.

A Najeriya akwai irin wannan wuri. Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya, wadda Farfesa Kenneth Dike da abokan aikinsa suka kafa a Ibadan a 1955, tana gudanar da babban taro duk shekara, ana zagayawa da shi daga wannan jami'a zuwa waccan. Tun 1956 take fitar da mujallarta. Lokacin da aka cire darasin tarihi daga manhajar makarantun firamare da ƙananan sakandare, ƙungiyar na cikin waɗanda suka yi ta matsa lamba har gwamnati ta mayar da shi.

A matakin nahiya labarin ya sha bamban. Ƙungiyar Masana Tarihin Afirka ta yi taronta na farko a Dakar a 1972, na biyu a Yawunde a 1975, amma na uku sai a 2001 a Bamako. Shekara 26 ke nan ba a zauna ba. Wannan ya nuna cewa kafa ƙungiya ba shi ne wahala ba, ɗorewar taron ita ce, domin tana cin kuɗi kuma tana buƙatar jami'ar da za ta ɗauki nauyi.

Yankin Adar, daga Tawa da Kalfu zuwa Keita, Buza da Illela, misali ne na abin da rashin irin wannan zama ke jawowa. A 1975 aka wallafa manyan littattafai biyu a kansa a jerin binciken cibiyar IRSH ta Yamai: na Farfesa Djibo Hamani kan Adar kafin zuwan Turawa, da na Bafaranshiya Nicole Echard kan tarihin manoman Hausawan yankin. Dukansu da Faransanci aka rubuta su. Yau jami'ar Tawa tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, amma jikokin dattawan da suka ba shi labari, waɗanda da yawansu ke ci-rani a Abijan, Legas da Libiya, kaɗan ne cikinsu za su iya karanta abin da ya rubuta.

Matsala ta biyu ita ce iyaka. Tarihin Adar ba ya tsayawa a Ƙonni. Yankin ya kasance ƙarƙashin ikon Kabi kafin Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammad al-Mubarak, ya ci shi da yaƙi a 1674, kuma daga zuriyarsa ne sarautar da ke Illela ta samo asali. A farkon ƙarni na 19 jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya girgiza yankin, daga arewa kuma Muhammad al-Jilani ya ɗaga tasa tutar a cikin Abzinawa. Turawa ne suka shata layin da ya raba Adar da Sakkwato, ta yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898, 1904 da 1906.

Sakamakon haka, madogaran wannan tarihi a warwatse suke. Wasu rubuce-rubucen Larabci da Ajami suna Sakkwato da Gidan Arewa na Kaduna, wasu suna IRSH, takardun mulkin mallaka kuma suna Yamai, Dakar da Faransa. Ɗalibin Sakkwato yana karatu da Ingilishi, na Tawa da Faransanci, alhali a kasuwa da Hausa suke ciniki. Rufe iyaka da aka yi bayan takunkumin ECOWAS a 2023, da ficewar Nijar daga ƙungiyar a Janairun 2025, sun ƙara nisanta su.

Na uku shi ne lokaci. Dattawan da suka riƙe salsalar garuruwa, da maroƙa da makaɗan fada, suna ta ƙarewa. Rashin tsaro ma ya taƙaita zirga-zirgar masu bincike a arewacin jihar, musamman bayan harin yankin Tiliya na Maris 2021, inda gwamnati ta ce an kashe mutum 137.

Akwai kuma haɗarin da ke tattare da siyasa. Duk lokacin da gwamnati ta nuna sha'awar tarihi, akan so a fito da jarumai a ɓoye abin da ba shi da daɗin ji, kamar bauta, yaƙe-yaƙen cikin gida da rigingimun sarauta. Amfanin taron masana shi ne a tambayi kowa hujjarsa a bainar jama'a, ko da abin da ya faɗa ya yi wa masu mulki daɗi.

Ginshiƙan aikin dai suna nan. Akwai Ƙungiyar Masana Tarihin Nijar, akwai cibiyar CELHTO ta Tarayyar Afirka da ke Yamai tun 1968 tana tattara tarihin baka, akwai jami'o'in Tawa, Maraɗi, Sakkwato da Katsina. Abin da zai ba da ma'ana ga matsayin da Hausa ta samu shi ne taron shekara-shekara da zai haɗa su, a gabatar da wani ɓangare na maƙalu da Hausa, a watsa ta rediyo da wayar hannu, sannan a fara fassara littafin Hamani domin Adarawa na gida da na ci-rani su karanta su kuma yi gyara.