HAWA DA SAUƘI, SAUKA SAI GWANI

A zamanin nan masu hali sun shiga sayen ƙananan jiragen sama na kansu, wasu har su zauna gun tuƙi da hannunsu. Ba mu ga aibu ga wannan ba, amma akwai nasiha.

Ku sani, a duk aikin matuƙi babu lokaci mai wuya kamar na sauka. In ya zo da gudu fiye da kima, sai filin ya ƙare jirgi bai tsaya ba. In ya rage gudu ƙwarai, sai iska ta daina ɗaukar fikafikan, jirgi ya faɗo tamkar dutse. Wani iska ce za ta buge shi ta gefe, wani kuwa mantuwa zai yi bai saki ƙafafun jirgin ba. Da dare abin ya fi tsanani, gama in ido bai ga inda sama ta rabu da ƙasa ba, jiki yakan yi wa mutum ƙarya, yana karkace yana zaton daidai yake.

Ga misali a ƙasarmu. Ran 25 ga Oktoba 2012, Danbaba Suntai, gwamnan Taraba na lokacin, ya taso daga Jalingo zuwa Yola yana tuƙa wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna da kansa. Kafin ya kai filin Yola jirgin ya faɗi. Ya ji mummunan rauni a ka, aka kai shi Jamus da Amurka neman magani, bai sake samun cikakkiyar lafiya ba har ya rasu cikin 2017. Da hukuma ta bincika, sai ta tarar takardar izninsa ba ta kai ga irin wannan jirgi ba, ba ta kuma kai ga tafiyar dare ba, ga shi rana ta faɗi yana sama.

Haka ya auku a Amurka ran 16 ga Yuli 1999. Ɗan marigayi Shugaba Kenedi yana gangarowa da dare bisa teku, cikin hazo, kusa da tsibirin da ya nufa, sai ya rikice, jirgi ya nutse da shi da matarsa da 'yar'uwarta. Shi ma bai sami iznin tuƙi da agogunan jirgi kaɗai ba tukuna.

Ba don cin mutuncin mamata muka kawo wannan ba, sai don rayayyu su wa'aztu. Malamai sun sani ɗalibin da ya sauke ƙaramin littafi ba ya zama bisa buzun fatawa. Fatake kuma sun sani madugun kirki ba ya kora ayari cikin duhu don ya cika alkawarin kasuwa. Jirgi bai san sarauta ba, bai san dukiya ba. Abin tsoro shi ne babban mutum ba ya rasa masu ce masa gwani, amma yakan rasa mai ce masa kada ka tashi.

Saboda haka shawararmu uku ce. Mai jirgi ya tsaya iyakar izninsa, abin da ya wuce nan ya ɗauki ƙwararren matuƙi. In magariba ta gabato ko hazo ya sauko, ya kwana inda yake, sauri kan haifi nawa. In kuwa ya ga saukar ba ta daidaita ba, ya ƙara wuta, ya koma sama, ya kewayo ya sake. Ƙwararru haka suke yi, ba sa jin kunya. Hukuma kuma ta binciki takardun babba yadda take binciken na ƙarami. Tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba.

Allah ya kiyaye matafiya. Haza wassalam.