Ma'aunin ƙarin girma da ke nesanta malamar tattalin gida da matan unguwa

A Kumbiya-Kumbiya, cikin birnin Gombe, ba abin mamaki ba ne a tarar da matar da ta shekara goma tana suyar awara, amma ba ta iya rubuta abin da ta kashe da abin da ya shigo mata ba. A birnin nan kuwa akwai Kwalejin Ilimi (Fasaha) ta Tarayya tun 1977, ga kuma Jami'ar Jihar Gombe tun 2004. Ilimin da matar ke bukata yana kusa da ita, sai dai ba ya ƙarasowa zaurenta.

Ba ƙyuya ce ta malamai ta jawo haka ba. Malamar da ta karanci tattalin gida da ilimin manya ta san hanyar da za ta kai ta kujerar farfesa: yawan maƙalun da ta buga a mujallun ilimi. A takarda, aikin malamin jami'a uku ne, wato koyarwa da bincike da hidimar al'umma. A zaman kwamitin ƙarin girma kuwa, na ukun bai cika yin nauyi ba. Idan ta kwashe Asabar ɗinta tana koya wa mata talatin lissafin jari, da haɗa kunun jarirai daga gero da waken suya da gyaɗa, ladanta na wajen Allah. Abokiyar aikinta da ta zauna ta rubuta maƙala biyu za ta riga ta hawa.

Fannin nan bai faro a haka ba. Gangamin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 a ƙauye da unguwa aka yi shi. Lalage Bown, Baturiyar da ta riƙe kujerar farfesar ilimin manya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cikin shekarun 1970, ta yi suna ne da fitar da jami'a zuwa ga mutanen da ba su taɓa shiga harabarta ba, kuma har ta rasu a 2021 tana nanata tasirin karatun mata ga lafiyar iyali. Hukumar ilimin manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980 ma da azuzuwan unguwa ta samu lambar yabo ta UNESCO.

Gyaran yana hannun ofisoshin Abuja. Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, na iya neman a ware wa aikin unguwa maki bayyananne a fannoni irin waɗannan, bisa rajistar ɗalibai da shaidar hukumar ilimin manya ta jiha, don kada abin ya koma ɗaukar hoto. TETFund, da ke biyan kuɗin halartar tarukan ilimi a ƙetare, ba za ta gaza kuɗin allo da littattafai da motar zuwa Kumbiya-Kumbiya ba. Ita kuwa NMEC, da aka kafa a 1990 domin wannan aiki, ita ya kamata ta fara rubuta wa sauran biyun takarda.