RA'AYINMU: Mai Ƙaura Zuwa Wata Ƙasa, Ka Tsare Layinka Kafin Ka Sayi Sabuwar Waya

Mutumin da ya tashi daga unguwar Abbaganaram a Maiduguri ya kama hanyar Dikwa zuwa Gamborun Ngala zai isa Njamena tun kafin wanda ya nufi Abuja ya ga fitilun birnin. Da ya haye gada zuwa Fotokol ya shiga Kamaru, daga Kusiri kuma ya tsallaka Chadi. Fatake da ɗalibai da masu auratayya sun daɗe suna bin wannan hanya. Haka ma ma'aikatan Tarayya da ake turawa Hukumar Raya Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, ko hedikwatar Rundunar Haɗin Gwiwa ta ƙasashen yankin, dukansu a Njamena.

Duk wanda zai yi irin wannan ƙaura yakan fara da tambaya ɗaya: wace waya zan saya, a gida ko sai na isa can? Tambaya ce mai kyau, amma akwai wadda ta riga ta. Me zai faru da lambar da ya bari a baya?

A Nijeriya ta yau lambar waya ta zama mabuɗin dukiyar mutum. Tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, aka rufe wa'adin ƙarshe a Satumbar 2024. Da wannan layin banki ke aiko da lambobin sirri na tabbatar da ciniki, da shi ake samun sanarwar shigar albashi, shi ne kuma ke rubuce a wurin kamfanin fansho. A ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, layin da ya yi wata 6 ba a yi wani amfani na kuɗi da shi ba ana dakatar da shi, idan ya ƙara wata 6 a haka kamfani na da ikon sake sayar da shi ga wani. Ma'aikacin da aka tura aikin shekara 2 a ƙarƙashin shirin taimakon ƙwararru da Nijeriya ke gudanarwa tun 1987, idan ya jefa tsohon layinsa a akwati, yana iya dawowa ya tarar saƙonnin bankinsa na sauka a hannun baƙo.

Mutanen Abbaganaram ba sa buƙatar a yi musu lacca kan wannan. A Mayun 2013, da aka ayyana dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a Borno, Maiduguri ta yi makonni ba ta jin kowa. A Satumbar 2024 kuma, da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ambaliya ta shiga unguwar tare da sauran sassan birnin, ta tafi da wayoyi da takardun jama'a. Wanda ya rasa waya yakan sayi wata idan hali ya samu. Wanda ya rasa layi da shaidar mallakarsa sai ya bi layin ofis-ofis kafin ya taɓa kuɗinsa. Wanda ke wata ƙasa ko wannan layin ma ba zai samu ya bi ba.

Saboda haka shawararmu ga mai shirin tafiya ita ce ya zaɓi waya da wannan a ransa. Ya nemi mai ɗaukar layi biyu, ɗaya na gida ɗaya na ƙasar da ya sauka. Ya tabbatar ba a kulle ta ga kamfani guda ba, domin wayoyin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka sukan zo a kulle, ko da bashin wani a kansu. Ya sani cewa tun daga iPhone 14 a 2022, waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka ba su da gurbin katin SIM sam, sai layin da ake saukarwa a cikin waya, kuma ba kowane kamfani ke ba da shi ba. Ya danna *#06# ya ga lambar IMEI, ya sa mai shago ya rubuta ta a rasit. Wannan takarda ce za ta fitar da shi a shingen bincike, kuma akwai ƙasashe irin su Turkiyya da ke toshe wayar da aka shigo da ita ba a yi mata rajista ba bayan kwana 120. Kafin ya tashi ya buɗe wa layinsa damar aiki a ƙetare, ko ya biya kuɗin ajiye lamba, wanda kamfanoni kamar MTN ke karɓa.

Sai dai ba daidai ba ne a ɗora wa matafiyi nauyin duka. A 2017 ECOWAS ta amince da dokar sauƙaƙa kuɗin kira ga ɗan yankin da ya shiga wata ƙasa da layinsa. Ghana da Kwaddibuwa suka fara aiwatar da ita a tsakaninsu a 2023. To amma ko da Nijeriya ta aiwatar da ita gaba ɗaya, mutumin Borno ba zai ga amfaninta a ƙofar gidansa ba. Kamaru da Chadi ba sa cikin ECOWAS, Nijar kuma ta fice a ranar 29 ga Janairun 2025. Jihar da ta yi iyaka da ƙasashe uku ta wayi gari babu ɗaya daga cikinsu da dokar ta shafa.

Abin takaicin shi ne kamfanonin ba baƙin juna ba ne. Airtel na aiki a Nijeriya da Nijar da Chadi, MTN na Nijeriya da Kamaru. Abin da ya rage shi ne hukumomi su zauna su yanke farashi. Muna kira ga Ministan Sadarwa, Bosun Tijani, da shugabannin NCC su nemi yarjejeniya kai tsaye da takwarorinsu na Yawunde da Njamena da Yamai. Saɓanin siyasa bai hana kifin Baga da shanun Chadi tsallake iyaka ba, bai kamata ya hana kiran waya mai rahusa ba.

Na biyu, NCC ta tilasta wa kowane kamfani samar da hanya mai sauƙi ta ajiye lamba ga wanda zai bar ƙasa, a kuma sanar da jama'a da Hausa da Kanuri, ba da Turanci kaɗai ba. Na uku, kada a sake sayar da layi sai an raba shi da asusun banki da NIN na tsohon mai shi. Wannan aiki ne da NCC da Babban Bankin Nijeriya da hukumar NIMC za su iya kammalawa a tebur ɗaya. Na huɗu, Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya da Ma'aikatar Harkokin Waje su sa batun layi cikin bayanin da ake yi wa duk wanda aka tura aiki ƙetare, kamar yadda ake tuna masa da fasfo da katin rigakafin shawara.

Da yawa daga masu karanta wannan shafi su ne ke rubuta takardun da ministoci ke sa wa hannu, wasunsu kuma gobe su ne za a tura. Rigakafi ya fi magani. Takarda ɗaya da za ta fito daga Abuja na iya hana ma'aikaci a Njamena, ko bafatake ɗan Abbaganaram a Kusiri, wayar gari ya ga kuɗinsa na hannun wanda ya gaji lambarsa.