Rabon ladan gadon asibitin da ba a kwanta a kansa ba

A wannan makon zan kai mai karatu Amurka, ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya kashe kuɗi a kan lafiya, domin mu duba wata dabara da suka shafe fiye da shekara goma suna gwadawa. Abin da ya ja hankalina gare ta wata tambaya ce da ta daɗe tana cin raina: idan abincin likita yana fitowa ne daga rashin lafiyar mutane, wa zai biya shi ladan ciwon da ya hana aukuwa?

A tsarin da aka saba da shi a can, kowane aiki da farashinsa. Ganin likita da kuɗinsa, gwajin jini da nasa, haka hoton ƙirji da kwana a gadon asibiti. Likitan da ya zauna da mai ciwon sukari ya yi masa bayanin abinci, ya riƙa bin sa da waya har ya tsare shi daga yanke ƙafa, abin da yake samu bai kama ƙafar na wanda zai yi aikin yankewar ba. Tsarin yana saka wa yawan aiki, ko aikin ya amfani maras lafiya ko bai amfane shi ba.

A shekarar 2006 wani likita mai bincike a Dartmouth, Elliott Fisher, ya fito da sunan da ake taƙaitawa da ACO, wato gamayyar likitoci da asibitoci da ta ɗauki alhakin lafiyar wasu mutane sanannu tare da kuɗin da ake kashewa a kansu. Dokar kiwon lafiya da Shugaba Obama ya sa wa hannu a watan Maris na 2010 ta shigar da tunanin cikin Medicare, inshorar gwamnati da aka kafa a 1965 domin waɗanda suka kai shekara 65, kuma shirin ya fara aiki a 2012.

Ga yadda lissafin yake. Dole gamayya ta kasance da aƙalla mutum 5,000 masu inshorar Medicare, kuma ana jingina mata mutum ne idan a wurin likitocinta ya fi samun kulawar matakin farko. Sai hukumar ta duba abin da aka kashe a kan irin waɗannan mutane a shekaru 3 da suka gabata, ta fitar da ma'auni na abin da ake tsammanin kashewa bana. Likitoci suna ci gaba da karɓar kuɗin kowane aiki kamar da. A ƙarshen shekara ake zaman lissafi.

Bari in kawo misali na ƙirƙira domin abin ya fito fili. A ce gamayya tana da mutum 10,000, ma'auninta dala 12,000 a kan kowane mutum, jimla dala miliyan 120. Shekara ta ƙare an kashe miliyan 114. An rage miliyan 6 ke nan, kashi 5 cikin ɗari. Kafin a ba ta ko sisi sai ragin ya haye wani ƙaramin shinge, wanda ga masu farawa yake tsakanin kashi 2 da kashi 3.9 gwargwadon yawan mutanensu, don kada a biya lada a kan abin da sa'a ce kawai ta kawo. Sannan sai ta ci jarrabawar inganci, wadda da farko ma'aunai 33 gare ta, irin su shawo kan hawan jini, gwajin cutar daji da abin da marasa lafiya suka ce game da kulawar da aka ba su. Idan ta tsallake duka biyun, kuma yarjejeniyarta ta raba-daidai ce, za ta karɓi miliyan 3, gwamnati ta riƙe miliyan 3. A ƙa'idojin da suka fara aiki a 2019, masu farawa suna samun har kashi 40, na gaba da su kashi 50, waɗanda kuma suka yarda su ɗauki babban kaso na asara idan an zarce ma'auni suna iya samun har kashi 75. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

To, a nan ne gizo yake saƙar. Miliyan 3 ta shigo asusun gamayya. Na wa ce? Gwamnati ba ta tsara yadda za a raba ba. Abin da ta ce shi ne gamayya ta bayyana wa jama'a nawa ta zuba a kayan aiki da gyaran tsarin kulawa, nawa kuma ta raba wa mambobinta. Ta kuma shar'anta cewa kashi 75 na ikon hukumar gudanarwa ya kasance a hannun masu ba da kulawar, kuma a samu aƙalla maras lafiya ɗaya mai Medicare a kan teburin. Sauran magana ta 'yan gida ce.

Yawanci akan fara cire kuɗin da aka kashe wajen samar da ragin: albashin ma'aikatan jinya masu bin marasa lafiya har gida, na'urorin adana bayanai, masu nazarin alƙaluma. Wasu suna ajiye wani abu saboda shekarar asara. Abin da ya saura shi ake rabawa, kuma kowa da hujjarsa. Likitan matakin farko zai ce mutanen nawa ne, da sunana aka jingina su, ni na hana su kwanciya. Ƙwararren likitan zuciya zai ce ni na daina yin gwaje-gwajen da ba dole ba, daga aljihuna ragin ya fita. Asibiti kuwa zai nuna gadajensa da suka kwana babu kowa, ya ce ginin da fitilun da ma'aikatan dare duk yana biyan su ko an kwanta ko ba a kwanta ba. Saboda haka wasu gamayyoyi suna rabo bisa yawan mutanen da kowane likita yake riƙe da su, wasu bisa makin inganci, wasu suna gauraya biyun, wasu kuma suna kasafta kuɗin tun farko tsakanin asibiti da likitoci.

Ƙorafin asibiti shi ne zuciyar matsalar. Duk dalar da aka rage wa gwamnati dala ce da ba ta shiga hannun wani ba. Idan asibiti ya hana kwanciyar da za ta kawo masa dala 10,000, abin da zai dawo wa gamayyar a raba-daidai 5,000 ne, kuma da abokan rabo. Ƙungiyar likitoci masu zaman kansu kuwa, idan ta hana wannan kwanciyar, kuɗin wani ne suka ragu, ita riba kawai ta ci. Wannan ya sa ban yi mamaki ba da binciken da J. Michael McWilliams na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya nuna cewa gamayyoyin da likitoci suke jagoranta sun fi na asibitoci rage kashe kuɗi nesa ba kusa ba.

Akwai wasu ramukan. Idan aka sabunta ma'auni bisa abin da gamayya ta kashe a baya, wanda ya yi ƙoƙari bara ya tsuke wa kansa wuya bana, shi kuwa tsohon almubazzari yana da wurin ragewa. Dalilin da ya sa daga baya aka shigar da matsakaicin kuɗin yanki cikin lissafin ke nan. A wani shirin gwaji mai suna Pioneer, wanda ya fara da gamayyoyi 32 a 2012, fiye da rabinsu sun fice kafin ya ƙare. Akwai kuma fargabar a rage kuɗi ta hanyar tauye wa maras lafiya haƙƙinsa. Garkuwarsa biyu ce: ma'aunan inganci, da 'yancin da yake da shi na zuwa wurin duk likitan da ya ga dama.

Shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Hukumar ta sanar da cewa a 2023 shirin ya rage mata dala biliyan 2.1 bayan an biya gamayyoyi rabonsu. Kuɗi ne masu yawa, amma a gefen abin da Medicare take kashewa a shekara, wanda ya kai kimanin tiriliyan ɗaya, ɗigo ne. Ni a ganina babbar ribar ita ce an samu likitocin da yanzu suke da dalilin tambayar inda maras lafiyarsu ya shiga bayan ya bar ofishinsu.

Mu ma a Nijeriya, tun da dokar hukumar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, muna fuskantar irin wannan tambaya: yadda ake biyan asibiti shi yake koya masa hali. Ina kira ga ɗalibanmu na likitanci da tattalin arziki, da masu tsara inshorar jihohi, su karanci wannan gwaji da idon basira. Duk wanda zai kwaikwayi wani abu daga cikinsa, ya fara rubuta ƙa'idar rabo tun kuɗin ba su shigo ba, ya kuma tabbatar ma'aikaciyar jinyar da ta yi ta kiran waya tana da kaso a ciki.