Na'urar Gonar Citta: A Fara Tambayar Batir

'Yan'uwa mazauna Kurmi, musamman fataken citta na Ikko da Badun, ba sai an tuna muku damunar 2023 ba. A shekarar ce cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko, ganye ya bushe, citta ta ruɓe a ƙasa, buhu ya yi tsada har nan inda muke.

Irin wannan ruɓa tana son ƙasa mai riƙe ruwa. To, akwai 'yan ƙananan na'urori da ake kafawa a gona, suna auna damshin ƙasa da zafinta, su aika labari ta iska zuwa ga malamin gona. Ba sa warkar da cuta, amma suna nuna kunyar da ruwa ya kwanta tun kafin ɓarna ta yi nisa. A ganina ya kamata Gwamnatin Jihar Kaduna da ƙungiyoyin manoma su gwada su, amma da sharaɗi guda: a fara tambayar batir.

Dalili kuwa, gona ba ta da lantarki, kuma aika saƙo ya fi awo cin wuta. In nisa ya ninka biyu, ƙarfin da za a kashe ya kan ninka huɗu ko fiye. Saboda haka masana suka ga gara kowace na'ura ta miƙa wa maƙwabciyarta, ita ma ta miƙa gaba, har saƙo ya isa. Sai dai nan ma da matsala, domin waɗanda ke kusa da matattara su ke ɗaukar kayan kowa, su ne kuma batirinsu ke fara mutuwa.

A shekarar 2000 Wendi Heinzelman da abokan aikinta a jami'ar MIT ta Amurka suka fito da dabarar da ake kira LEACH. Ana kasa na'urori rukuni-rukuni, guda ta tattara saƙon sauran ta dunƙule ta aika, sa'an nan shugabancin ya riƙa zagayawa kamar kwasar adashi. Wadda ba ta da aiki kuwa sai ta yi barci. Da haka batir ke ƙarewa kusan tare, ba wadda aka bari da jidali.

Ku da ke aika kuɗin taki gida, kuna da bakin magana. In ɗan kwangila ya zo da na'ura, a tambaye shi: damuna nawa batirinta zai kai? In guda ta mutu, saƙo zai sake hanya? Wa zai gyara ta a Kachia ko Kafanchan? Citta takan yi wata takwas ko tara a ƙasa, na'urar da za ta mutu a Agusta kuwa asarar kuɗin talaka ce.

Allah ya ba mu damuna mai albarka, amin.